Allurar Maganaɗisu Tsakanin Teku, Sahara da Mihirabi: Tarihin Kamfas da Aikinsa a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin kamfas, wato allurar maganaɗisu mai nuna arewa da kudu, tun daga ƙasar Sin har zuwa shigowarsa ƙasar Hausa, sannan a auna irin aikin da ya yi a nan. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, na'urar da ta sauya fasalin tafiya a teku ba ta samu gurbi a hannun madugu ba. Baƙi ne suka shigo da ita domin zana taswira, 'yan ƙasa kuwa suka karɓe ta domin neman alƙibla.

An ɗauki unguwar Kabara da ke cikin birnin Kano a matsayin wurin awo. Unguwar tana daura da Gidan Rumfa, ba nisa da Babban Masallacin Juma'a, kuma a cikinta Gidan Ƙadiriyya yake. Tarihin gidan ya nuna cewa Malam Umaru, wanda Shehu Malam Nasiru Kabara ya fito daga tsatsonsa, ya zo ne daga garin Kabara na bakin kogin Neja, tashar jiragen ruwan Tambutu. Unguwa ce ke nan da tafiya mai nisa ta kafa, malanta kuma ta raya, kuma waɗannan su ne fagage biyu da maƙalar za ta gwada kamfas a kansu.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

An daɗe a Turai ana jingina ƙirƙirar kamfas ga wani mutumin Amalfi ta Italiya mai suna Flavio Gioia, wajen shekarar 1300, har aka kafa masa gunki a garin. Masana tarihi sun yi watsi da labarin, domin an ambaci allurar a rubuce fiye da shekara 100 kafin lokacin. Joseph Needham, a juzu'in 1962 na babban aikinsa kan kimiyya da wayewar Sin, ya kafa hujja cewa Sinawa ne suka riga kowa. Akwai kuma tsohon ra'ayi cewa Larabawa ne suka ɗauko allurar daga Sin suka miƙa wa Turai. Ra'ayin yana da daɗin faɗi, amma yana da tangarɗa: rubutun Turai mafi tsufa a kan kamfas ya girmi na Musulmi da kusan shekara 40.

Frederic Lane, a 1963, ya dubi al'amarin ta fuskar tattalin arziki, ya nuna cewa kamfas ya ba jiragen Italiya damar tafiya a Bahar Rum cikin hunturu, lokacin da gajimare ke rufe taurari. David King da Petra Schmidl sun fito da rubuce-rubucen Larabci da suka danganta allurar da alƙibla. A ɓangaren Afirka ta Yamma kuma, E. W. Bovill ya rubuta tarihin cinikin Sahara, Paul Lovejoy ya bi fataken goro na Kano a littafinsa na 1980, Mervyn Hiskett kuwa ya nazarci kalandar taurari ta Larabawa a cikin rubutattun waƙoƙin Hausa a 1967. Kowane ɗayansu ya tsaya a fagensa. Wannan maƙala tana ɗaure fagagen ne wuri guda.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kwatanta rahotannin matafiya da na masana falaki bisa jerin shekarunsu. Ta biyu lissafi ce: an fitar da kusurwar alƙibla ta hanyar lissafin kusurwoyi a kan dunƙulalliyar duniya, inda aka ɗauki Kano a digiri 12 arewa da 8.5 gabas, Makka kuma a digiri 21.4 arewa da 39.8 gabas. Duk kusurwar da aka ambata ana ƙirga ta ne daga arewa a nufi gabas, wato arewa sifili ce, gabas tsantsa kuwa digiri 90. Maƙalar tana amfani da kalmar “karkatar allura” ga tazarar da ke tsakanin arewa ta haƙiƙa da arewar da allura ke nunawa.

4.0 Nazari

4.1 Daga Sin zuwa Bahar Maliya

A 1088 wani babban ma'aikacin daular Song, Shen Kuo, ya bayyana yadda ake goga allura da dutsen maganaɗisu ta riƙa nuna kudu. Ya kawo hanyoyi huɗu na ɗora ta: a kan ruwa, a kan farce, a bakin kwano, ko a rataye da zaren siliki, kuma ya fifita ta ƙarshen. Abin da ya fi muhimmanci, ya lura cewa allurar ba ta nuna kudu daidai, tana ɗan karkata gabas. Kimanin shekara 30 bayansa Zhu Yu ya rubuta cewa matuƙan jiragen ruwa na Guangzhou suna duban taurari da dare, rana da yini, sai in gari ya yi duhu su duba allura. Irin wannan bayani ne Alexander Neckam ya yi a Ingila wajen 1190.

A duniyar Musulmi, Muhammad al-Aufi ne ya fara ambatonta wajen 1232, da labarin wani ƙarfe mai siffar kifi da aka saka a ruwa lokacin wata tafiya a teku. Bailak al-Ƙibjaƙi, wanda ya yi rubutu a Alƙahira a 1282, ya faɗi abin da ya gani shekara 40 kafin nan a tafiyarsa daga Tarabulus ta Sham zuwa Iskandariyya: an soke allura a jikin kara, an ɗora a tasar ruwa, an kewaya da maganaɗisu a kanta, aka janye hannu, ta tsaya kudu da arewa.

Daga nan allurar ta shiga masallaci. Sarkin Yaman na daular Rasuliyya, al-Ashraf Umar bin Yusuf, wanda ya rasu a 1296, ya rubuta yadda ake ƙera tasa mai zanen digirori a bakinta domin fitar da alƙibla. Wajen 1300 Ibn Sim'un, mai tsayar da lokutan salla a Masar, ya bayyana busasshen kamfas wanda ba ya bukatar ruwa, shi ma don alƙibla. Ko a Tekun Indiya, inda Ahmad bin Majid ya rubuta Kitabul Fawa'id a 1490, an raba fuskar kamfas gida 32 ne aka raɗa wa gidajen sunayen mahudar taurari da mafaɗarsu. A rubuce-rubucen da suka shafi teku tauraro ne shugaba, allura mataimakiya ce ta daren da sama ta rufe.

4.2 Dalilin da ya sa madugu bai nemi allura ba

A 1352 Ibn Battuta ya tashi daga Sijilmasa ya bi ta Taghaza zuwa Walata, tafiyar wata biyu. Ya ba da labarin yashin da iska ke ɗauka daga nan ta jibge a can har hanya ta ɓace, da ɗan aiken da ayari ke biya miskali 100 na zinariya ya riga su isa Walata a taryo su da ruwa. Jagoransu kuwa ido ɗaya ya mutu, ɗayan ma ba lafiya, amma ya fi kowa sanin hanya. Matafiyin da ya sha shiga jiragen Bahar Maliya da na Tekun Indiya bai ambaci allura a wannan tafiya ba.

Dalilin yana cikin lissafi. Kamfas fuska kawai yake nunawa, ba ya faɗin inda mutum yake. A Bahar Rum ya yi amfani ne domin ya zo tare da taswirar gaɓar teku da agogon yashi, kuma abin da matuƙi ke nema gaɓa ce mai tsawon ɗaruruwan kilomita, in ya kuskure tasha sai ya bi bakin ruwa ya same ta. Abin da madugu ke nema rijiya ce. Kuskuren digiri ɗaya a tafiyar kilomita 200 yana kawar da ayari da kilomita uku da rabi, kuma a hamadar Tenere hakan ya isa a wuce rijiya ba a gan ta ba. Shi ya sa azalai, ayarin gishiri da ke ratsa kusan kilomita 600 daga Agadas ta Fachi zuwa Bilma, ya dogara ga mutumin da ya haddace jerin tuddan yashi, da launin ƙasa, da kwanciyar inuwar raƙumi, da taurarin kowane wata. Wannan gishiri na Bilma shi ne kantun da ake saukewa a kasuwannin ƙasar Hausa.

A kudu kuwa maganar ma ba ta taso ba. Fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da ke zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro suna bin hanya ce sananniya daga zango zuwa zango. Madugu na da jagaba mai shiga gaba, kuma abin da ke hana shi barci ba ɓatan fuska ba ne: kuɗin fito a bakin kogi, da garamar sarakunan hanya, da 'yan fashi, da abincin jakuna. Haka ma masu tuƙa kwalekwale tsakanin Jenne da Kabara ta Tambutu, gaɓar kogi ce ke yi musu jagora.

Wannan ba ya nufin ƙasar ba ta da ilimin sama. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, mai sammako ya san Gamzaki, malamai kuma suna karantar da manzilolin wata 28 domin lissafin damina da sanyi. Muhammad al-Katsinawi, masanin hisabi, ya rasu ne a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a falaki. Sai dai Tauraron Arewa, wanda matuƙan Turai suka dogara da shi, digiri 12 kacal yake ɗagowa a sararin Kano, kuma hazon hunturu kan shafe shi.

4.3 Clapperton, Bello da Barth

Hugh Clapperton sojan ruwa ne, saboda haka kamfas kayan sana'arsa ne. Ya shigo Kano a watan Janairu 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya isa Sakkwato a watan Maris. Cikin tsarabar da ya miƙa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai kamfas da madubin hangen nesa, kuma ya rubuta cewa su biyun sun ja hankalin Bello ƙwarai, musamman da ya nuna masa cewa da kamfas zai iya gano gabas a kowane lokaci domin salla. Da ya fito da taswirar sama kuma, ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu da taurari da dama da sunayensu na Larabci.

Wannan ganawa ta taƙaita hujjar maƙalar. Baƙon ya ɗauko na'urar ne domin bin sawun kogin Neja, amma da ya zo tallata ta ga mai masaukinsa bai ce za ta kai shi Gwanja ko Tarabulus ba. Wataƙila ya gane cewa masu sanin hanya sun yi wa Bello yawa, abin da zai ba shi sha'awa shi ne alƙibla.

Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauko daga Azbin tare da ayarin gishiri, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851. Hanyar aikinsa ita ce lissafin ƙiyasi irin na matuƙan jirgi: yana bisa dabba da kamfas da agogo, duk inda hanya ta karkata ya rubuta fuska da mintocin da aka yi. Daga waɗannan alƙaluma August Petermann ya zana taswirorin da suka fito da juzu'ai biyar na littafin Barth a 1857 da 1858. Abin lura shi ne, kamfas ɗin Barth bai taɓa nuna wa ayarin hanya ba. Buzaye ne ke gaba, shi yana baya yana rubuta inda suka bi. Aikin allurar shi ne ta mayar da sanin da ke kan madugu ya koma layi a takarda, wanda wani zai karanta a Landan ko Faris ba tare da ya taɓa hawa raƙumi ba. A kan irin waɗannan takardu aka ja layin Sayi zuwa Barruwa a 1890, aka zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato a 1898, kafin jami'an Faransa da Birtaniya, Tilho da O'Shee, su kafa alamomin iyakar Nijeriya da Nijar tsakanin 1906 da 1908.

4.4 Gabas da alƙibla a lissafi

Lissafin da aka bayyana a sashe na uku ya nuna cewa daga Kabara zuwa Ka'aba kimanin kilomita 3,500 ne, kusurwar alƙibla kuma kimanin digiri 68. Wato wanda ya fuskanci gabas tsantsa ya bar alƙibla a hagunsa da digiri 22. A Sakkwato kusurwar kimanin digiri 71 ce. A nisan Kabara da Ka'aba, kowane digiri ɗaya yana daidai da kusan kilomita 58 a gefen Makka.

Wanda ya dogara ga mahudar rana ma sai ya yi hattara, domin ba wuri ɗaya take hudowa ba. A Kano tana kaiwa digiri 66 a ƙarshen Yuni, ta dawo 90 a Maris da Satumba, ta gangara har 114 a ƙarshen Disamba. Baƙon da ya shimfiɗa buzu yana kallon hudowar rana a farkon damina ya dace da alƙibla kusan daidai. In ya yi haka a tsakiyar sanyi, ya kauce da digiri 46.

Fiƙihun Malikiyya ya sauƙaƙa lamarin. Wanda ke nesa da Makka jiha ake nema daga gare shi ba ainihin ɗakin ba, an bambanta ƙaramar karkata da babba, kuma mihirabin babban birni da malamai suka daɗe suna salla a cikinsa abin bi ne. Don haka mazaunin Kabara, da Masallacin Juma'ar da asalinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) yake kusa da shi, bai taɓa rasa alƙibla ba. Mai bukatar allura shi ne matafiyi a baƙon wuri, da mai aza harsashin sabon masallaci a bayan gari.

Sai kuma karkatar allura, wadda Shen Kuo ya hango. Ba ta tsaya a adadi ɗaya ba, tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, tana kuma sauyawa da shekaru saboda motsin narkakken ƙarfe a cikin duniya. Izzuddin al-Wafa'i ya auna ta a Alƙahira a ƙarni na 15 ya samu digiri 7 zuwa gabas. Henry Gellibrand ya tabbatar a 1635 cewa tana sauyawa, Edmond Halley ya zana taswirarta ta Tekun Atlantika a 1701. A Landan ta kai digiri 24 zuwa yamma wajen 1820, kuma a wancan zamani duk Afirka ta Yamma allura na karkata yamma da sama da digiri 10. Sakamakon wannan yana da ban sha'awa: gabas ɗin da kamfas ɗin Clapperton ya nuna wa Bello ya zame zuwa arewa da gabas tsantsa, wato ya matso kusa da alƙibla. Kuskuren baƙon na ɗaukar gabas a matsayin alƙibla da kuskuren allurar sun rage wa juna kaifi. Yau karkatar allura a Kano ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba, saboda haka wanda ya bi shawarar Clapperton a yanzu zai ɗauki digiri 22 ɗin nan gaba ɗayansu.

4.5 Jirgin sama, darduma da waya

Kamfas a matsayin abin tuƙi ya iso Kano ne ta sama. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka taso daga Helwan ta Masar suka sauka a Kano, kuma a 1936 aka buɗe zirga-zirgar jiragen Imperial Airways daga Hartum. Har yau lambobin da ke rubuce a bakin titin jirgi daga kamfas suke: 06 da 24 na babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano suna nufin fuskar kimanin digiri 60 da 240.

A cikin gari kuwa ya shigo ne a jakar alhazai: ƙaramin kamfas mai ɗan littafin lambobin birane, da darduma mai kamfas a manne. Rauninsu shi ne lambar birni tana nan yadda aka buga ta, karkatar allura kuwa tana tafiya. Wayar hannu ta magance wannan, domin manhajojinta suna gyara karkatar da wani tsarin lissafi na duniya da ake sabuntawa duk shekara biyar, wanda aka tilasta sabunta shi kafin lokaci a 2019 saboda saurin da arewar maganaɗisu ke yi zuwa Saiberiya. Amma na'urar da ke cikin wayar maganaɗisu take ji, kamar allurar Shen Kuo. Rodin da ke cikin kankare, da ƙofar ƙarfe, da lasifikar masallaci, da janareta, kowanne na iya jan ta. Shi ya sa mutum biyu a sahu ɗaya kan ɗaga waya kowa ya ga alƙibla daban, kuma ra'ayin wannan maƙala shi ne bai kamata a tuhumi tsohon mihirabi da awon da aka yi da waya a cikin gini ba.

Akwai hanyar da ba ruwanta da maganaɗisu, wadda masana falaki Musulmi suka sani tun ƙarnoni. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Nijeriya da Nijar wannan ya yi daidai da 10:18 da 10:27 na safe. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. In aka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a Kabara, inuwarta za ta kai kimanin santimita 61, kuma layin da aka ja daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar shi ne layin alƙibla. Da shi za a iya gwada kowane kamfas da kowace manhaja. Ga Kano awon watan Mayu ya fi dacewa, domin a tsakiyar Yuli damina ta kankama, hadari kan rufe rana da hantsi.